Zazzaɓin da ba ya jiran gari ya waye: Abin da iyalan masu shan maganin daji ya kamata su sani

A Kakau, kamar sauran garuruwan da ke bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, kowa ya san abin da ake yi idan jikin mutum ya yi zafi da daddare. A nemo farasitamol a ba shi, a lulluɓe shi, idan Allah Ya kai mu safiya a leƙa kyamis a karɓo maganin maleriya. Sau da yawa hakan yana yi, domin sau da yawa maleriyar ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, don haka ba a ga laifin wanda ya fara zarginta ba.

Sai dai akwai wasu mutane a cikinmu da wannan jiran safiyar kan zame musu ajali. Su ne waɗanda fararen ƙwayoyin jininsu suka yi ƙasa, musamman masu karɓar maganin ciwon daji da ake kira kemo. Ban san haka ba sai da abin ya zo har gidanmu.

Kwana goma bayan kemo

Goggona, ƙanwar mahaifina, a Kakau take zaune. An gano tana da sankarar mama, aka fara yi mata kemo duk bayan mako uku. Zuwa na farko ya ba ta wuya: amai, kasala, gashi ya fara zuba. Amma ta warware. Zuwa na biyu ma haka, har muka fara cewa jiki ya saba.

Kwana goma bayan na biyun, cikin damina, ta ce wa 'yarta tana jin sanyi bayan sallar isha'i. Yarinyar ta taɓa goshinta ta ji ɗumi, ba wani zafi na tashin hankali ba. Ta ba ta farasitamol biyu. Zuwa tsakar dare ta yi gumi, jiki ya yi sanyi, kowa ya kwanta. Da safe aka je wani kyamis, mai shagon ya ce maleriya ce da taifot, ya yi mata allura ya haɗo ƙwayoyi. Bai tambayi ko tana kan wani magani ba, su ma ba su faɗa ba, domin Goggo ba ta son a san ciwonta a unguwa.

Da la'asar 'yarta ta kira ni tana kuka, ta ce Yaya, Mama tana kirana da sunan 'yar uwarta da ta rasu, kuma tun safe ba ta yi fitsari ba. Da na iso na tarar tana numfashi sama-sama, tafin hannunta sanyi ƙalau. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne babu zazzaɓin ma a lokacin.

A asibitin da muka kai ta, wata matashiyar likita ta yi mana tambaya guda: yaushe aka yi mata kemo na ƙarshe? Da muka ce kwana goma sha ɗaya ke nan, sai na ga fuskarta ta canza. Kafin a gama buɗe mata kati an ɗebi jini, an ɗaura ruwa, an fara tura maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Goggo ta yi kwana tara a gadon asibiti. Ta tashi, amma likitar ba ta ɓoye mana ba cewa da mun ƙara kwana a gida, da wani zancen ake yi.

Jinin da ido ba ya gani

Idan Bahaushe ya ce wane ba shi da jini, jajayen ƙwayoyi yake nufi. Shi ya sa muke jan fatar ido mu duba, ko mu kalli tafin hannu, ko mu tambayi nawa PCV ya nuna. Goggo idonta jawur yake, PCV ɗinta bai yi muni ba, kuma da wannan muka riƙa kwantar wa kanmu da hankali.

Amma a cikin jini akwai wasu ƙwayoyin, farare, waɗanda aikinsu tsaro ne. Mafi yawa a cikinsu su ne waɗanda likitoci ke kira niyutrofil. Su ne 'yan gaba-dai: da bakteriya ta shiga jiki, su ke fara isa wurin, su haɗiye ta, su mutu tare da ita. Mugunyar da ke fita daga maruru, akasarinta gawarwakinsu ne. Ba su da tsawon rai, ba sa wuce 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki, don haka ɓargo ke ƙera sababbi kusan biliyan 100 a kowace rana.

Maganin kemo yana farautar duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa. Ƙwayoyin daji haka suke, amma haka ma na tushen gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da na ɓargo. Idan aka yi kemo yau, tsofaffin dakarun da ke cikin jini suna ci gaba da aiki na 'yan kwanaki, suna ƙarewa, sababbi kuwa ba sa fitowa. Ga yawancin magungunan, adadin yakan kai maƙurar faɗuwarsa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an karɓi maganin, sannan ya fara hawa. Wannan shi ne daidai lokacin da amai ya tsaya, majinyaci ya fara cin abinci, 'yan uwa suka saki jiki. Kuma a gida yake, nesa da likitansa.

Babban mutum mai lafiya yakan sami niyutrofil daga kimanin 2,000 zuwa 7,500 a cikin ɗigon jinin da ake aunawa. Idan suka sauka zuwa 500 ko ƙasa da haka, an shiga haɗari sosai. Na Goggo 200 aka samu a daren.

Akwai wani abu da ya dace a sani a nan, don kada kowa ya ɗauki takardar gwajinsa ya firgita. Mu mutanen Afirka ta Yamma da yawanmu adadin niyutrofil ɗinmu a halitta ya ɗan gaza na Turawa, kuma hakan ba cuta ba ce. Yana da nasaba da wani nau'in jini da ake kira Duffy, wanda akasarinmu ba mu da shi a jikin jajayen ƙwayoyinmu. Lafiyayyen mutum da aka ga 1,500 a takardarsa ba shi ake magana a kai ba. Ana magana ne a kan wanda magani ko ciwo ya durƙusar da ɓargonsa.

Dalilin da ya sa alamun ke ɓuya

Kumburi, ja, raɗaɗi, mugunya, majina mai kauri a tari, duk waɗannan da muke gane ciwo da su, ƙurar yaƙi ce tsakanin fararen ƙwayoyi da cuta. Idan babu dakarun, babu ƙurar. Mutum zai iya kamuwa da ciwon huhu ba tare da ya yi kaki ba, hoton ƙirjinsa ma ya fito kusan fes a farko. Zai iya samun cuta a mafitsara ba tare da gwajin fitsari ya nuna mugunya ba. Gyambo zai iya ruɓewa a bushe.

Abin da ke saura sau da yawa shi ne zazzaɓi kaɗai. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2012 ta ce duk mai karɓar maganin daji da zafin jikinsa ya haura digiri 38, ko ya nuna wata alamar jiki ya rikice, a ɗauke shi a matsayin mai buƙatar taimakon gaggawa, a fara ba shi magani nan take. Ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta sa nata ma'aunin a digiri 38.3 sau ɗaya, ko 38 da ya tsaya na tsawon sa'a guda. Ga mai jinya a gida, lamba ɗaya ta isa a riƙe: 38.

Digiri 38 kuwa ba zafin da ke ƙona hannu ba ne. Bayan hannun uwa, duk da gwanintarsa, ba zai bambance 37.5 da 38.2 ba, balle a watan Afrilu da kowa jikinsa ɗumi ne. Ma'aunin zafin jiki na batir, irin wanda ake sayarwa a manyan shagunan magani, shi ne abu mafi arha a cikin duk kayan jinyar daji, kuma shi ne wanda ba mu saya ba.

Sannan ga farasitamol. Ba ya kashe ko ƙwayar cuta ɗaya, sauke zafi kawai yake yi. A jikin Goggo, abin da ya yi shi ne kashe ƙararrawa guda ɗaya da ta rage. Haka ma magunguna irin su firedinisolon da dekzametazon, waɗanda ake haɗawa da kemo a lokuta da dama, suna iya danne zazzaɓi gaba ɗaya. Don haka a auna kafin a sha komai, kuma idan ma'auni ya nuna 38, saukar zafin bayan shan magani ba sauƙi ba ne.

Wani lokaci ma zafin ba ya hawa, sauka yake yi. Ma'auni ya nuna ƙasa da 36, mutum yana rawar ɗari, hannu da ƙafa sun yi sanyi. Wannan ya fi zazzaɓin muni. Haka idan ya fara sambatu ko ya kasa gane mutane, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, ko numfashi ya yi sauri, ko zuciya tana bugawa da ƙarfi yana zaune, ko jiri ya ɗebe shi da ya miƙe, ko ya wuni bai yi fitsari ba. Akwai kuma ƙananan abubuwan da majinyaci kan ji kunyar faɗa ko ya raina: zafi a dubura wajen bayan gida, wanda za a ce basir ne, gudawa, ƙuraje a baki, zafin haɗiya, ko ciwo a inda aka sa allurar ƙarin ruwa. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai a lura da zafi, ɗumi da ɗan kumburi.

Tsofaffin masu jinya sun san wani abu da ba ya cikin ma'auni: idan ka ce wannan ba shi ba ne, ya canza tun jiya, to a saurare ka.

Darasin da aka koya da tsada

Ba yau likitoci suka gano haka ba. A 1966 wani likitan Amurka, Gerald Bodey, tare da abokan aikinsa, suka wallafa binciken da ya nuna cewa a tsakanin masu sankarar jini, gwargwadon faɗuwar fararen ƙwayoyi da daɗewarsu a ƙasa, gwargwadon yawan munanan cututtukan da ke kama su. A wancan zamani ana jiran sakamakon gwaji kafin a ba da magani, kuma majinyata da yawa suna mutuwa kafin sakamakon ya fito. A 1971 Stephen Schimpff da abokansa suka nuna cewa fara magani mai ƙarfi da zarar zazzaɓi ya bayyana, ba tare da jiran sanin sunan ƙwayar cutar ba, yana ceton rai. Daga nan tsarin ya sauya a duniya. A yau abin da ake buri shi ne maganin ya shiga jijiya cikin sa'a guda da isowar majinyaci asibiti.

Gaggawar tana da dalili. Bakteriya irin ta hanji, idan ta sami wuri, tana iya ninka kanta cikin kimanin minti 20. Kuma akasari ba daga waje take zuwa ba. Tana zaune a hanjin mutum da bakinsa da fatarsa tun fil azal ba ta cutar da shi. Kemo ne ke yage shingen, ta faɗa cikin jini, ba mai tare ta. Daga nan sai abin da ake kira sefsis, wato jiki ya rikice wajen faɗa da cutar har hawan jini ya faɗi, ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa su fara gazawa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa sefsis ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 11 a duniya a shekarar 2017 kaɗai, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari.

To idan maleriyar ce fa? Tana iya zama ita ce, kuma za a gwada a asibiti, a ba da maganinta. Amma a ƙasar da mutane da yawa ke yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ciwo ba, ganinta a gwaji bai wanke bakteriya ba. Biyun suna iya haɗuwa. Gwajin Widal kuwa, wanda ake ɗora wa kowane zazzaɓi sunan taifot da shi, likitoci sun daɗe suna kokawa a kan rashin tabbacinsa. A ra'ayina, mai kyamis da ya yi wa mai zazzaɓi allura ba tare da ya tambayi wane magani yake sha ba ya yi ganganci. Amma mu ma da muka ɓoye, mun taya shi.

Tsakanin Kakau da gadon asibiti

Mutanen Kaduna da dama suna karɓar maganin daji ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, wanda ke da cibiyar kula da masu daji, wasu a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke cikin gari, wasu kuma a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Daga Kakau zuwa Shika tafiya ce ta kusan kilomita 100, sai an ratsa Kaduna an haye kogi. Da ƙarfe goma na dare, ga ƙarancin mota, ga fargabar hanya da kowa ya sani, wannan tafiya ba ƙarama ba ce. Nan ne iyalai ke yanke shawarar a bari sai da safe a koma wurin likitan da ya san ta.

Ba sai an koma can ba kafin a fara ceto. Daga Kakau, idan aka wuce Gonin Gora, akwai Babban Asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard a yankin Kakuri, kafin ma a haye gada zuwa Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44. Abin da ake nema a sa'ar farko shi ne wurin da ke da likita, da ɗakin gwajin jini, da damar ba da magani ta jijiya. Sauran bayani ana iya yi da likitan daji ta waya. Kuma gara iyali su zauna tun ranar da aka dawo daga kemo su tsayar da asibitin da za a nufa, da mai motar da za a buga wa ko ƙarfe nawa ne, da ɗan kuɗin da za a ajiye don wannan daren kaɗai.

Da an isa, kalmar farko ita ce ta fi komai. Kada a ce zazzaɓi take yi a tsaya nan, domin layin masu zazzaɓi ya kai bakin ƙofa. A ce tana kan kemo, an yi mata ranar kaza, zafin jikinta ya kai kaza. A nuna takardar maganin. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ɗebi jini don ƙidayar ƙwayoyi, wanda ake rubutawa FBC, da wani don shuka a gano ƙwayar cutar, sannan ya fara magani ba tare da jiran sakamako ba. Zaɓin maganin na likita ne, kuma ba kowane maganin jijiya ne ke kama nau'o'in bakteriyar da aka fi tsoro a irin wannan hali ba. Waɗanda ke kamawar suna da tsada, babu amfanin ɓoye wannan. Akwai kuma majinyatan da likita zai duba ya ga haɗarinsu kaɗan ne, ya sallame su da ƙwayoyin sha. Wannan hukunci ne na bayan gwaji, ba na tsakar gida ba. Wasu kuma akan rubuta musu allurar filgirastim, mai zaburar da ɓargo, a zagaye na gaba don rage faɗuwar.

Ba masu daji kaɗai ba

Yaran da ke fama da sankarar jini ko ta Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma yaro ba zai ce ina jin wani iri ba. Sai dai ya ƙi wasa, ya ƙi nono, ya yi laushi. Amma akwai waɗanda ba su taɓa jin kalmar kemo ba kuma suna cikin haɗarin. Maganin kabimazol da ake ba masu maƙoƙo mai sa rama da bugun zuciya yakan durƙusar da fararen ƙwayoyi a jikin 'yan ƙalilan, kuma alamar farko ciwon maƙogwaro ne da zazzaɓi. Haka kulozafin na masu taɓin hankali, da metotirezet na masu ciwon gaɓoɓi, da haidiroksiyuriya da wasu masu sikila ke sha, wanda shi ya sa ake yawan auna musu jini. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ma adadinsu kan sauka, ko don ciwon ko don wasu magungunan. Tsohuwar allurar nan ta nobaljin, wadda iyayenmu suka sani, wannan illar na cikin dalilan da suka sa ƙasashe da dama suka hana ta, kuma NAFDAC ma ta haramta ta a Najeriya.

Game da zaman gida a kwanakin haɗarin, maganar ba ta da yawa: wanke hannu da sabulu, dafaffen abinci da tafasasshen ruwa, gidan sauro, da tsabtar baki da buroshi mai laushi. Kada a cusa komai ta dubura, ko maganin basir ko na gargajiya, kuma a ɗage cire haƙori, ƙaho da sakiya. Abu mai wuya shi ne dubiya. Ɗakin Goggo bai taɓa zama babu mutum ba, wasu da mura, wasu da goyo mai tari, kuma wa zai iya cewa surukarsa ta tsaya daga ƙofa? Sai da mijinta ya ɗauki nauyin faɗa da bakinsa, ya ce umarnin likita ne, sannan aka rage.

An ɗage wa Goggo kemo na uku da mako biyu har jininta ya dawo. Yanzu akwai kalanda a bangon ɗakinta, 'yarta tana zagaye kwana na bakwai zuwa na sha huɗu da jan biro bayan kowane zuwa. Ma'aunin zafin yana cikin jakar da take ajiye carbinta, tare da wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan maganin, da ranar da aka yi na ƙarshe, da lambar wani direba a Gonin Gora da ya yarda a tashe shi ko da ƙarfe biyu na dare ne. Saura zuwa biyu ta gama.